Idon Raga: Daga Kasuwar Zuru Zuwa Tafkin Kainji

  Yau a wannan shiri maganar kifi za a yi.

Wani zai ce ina ruwan Zuru da maganar kifi? Ƙasa ce ta duwatsu da dawa, an san ta da noma da aikin soja da bikin Uhola, ba da kwalekwale ba. Gaskiya ne. Amma duk wanda ya ratsa kasuwa ranar da take ci, ƙanshin banda zai tare shi tun kafin ya ga masu sayarwa, kuma da wuya a sami gidan da mako zai wuce ba a jefa ko ɗan gutsure cikin miyar kuka ba. Mai saye yakan duba bushewar kifin, ya shinshina, ya taya. Abin da ba kasafai yake dubawa ba shi ne girmansa. A kan faifai ɗaya akan ga tarwaɗa mai kaurin damtse, a gefenta kuma tulin 'yan ƙanana da aka lanƙwasa kai da wutsiya, kowace ba ta fi awarwaron yarinya ba. Waɗannan ƙananan ba wani jinsi ne daban ba. 'Ya'yan babbar ne, aka kama su kafin su yi ƙwai ko sau ɗaya.

Bari a ɗan yi nisa kafin a dawo gida. A gaɓar tekun Ingila akwai mutanen da ke kamun kifi don sha'awa kawai. Mutum zai tashi da asuba cikin sanyi, ya tsaya bakin ruwa da doguwar sandar fatsa mai ƙarfen naɗe zare, ya ɗaura dalma a ƙarshen zaren don ta ja ƙugiyar ƙasa, ya wurga can bayan inda igiyar ruwa ke fashewa. Wasu kuma sukan shiga kayak, wani ɗan siririn kwalekwale na mutum ɗaya wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne mazauna yankin ƙanƙara, su tuƙa da filafili mai baki biyu har inda kifi ke kiwo. Cikin kayan kowannensu akwai abin da masuncinmu zai yi dariya in ya gani: abin awon tsawo. Akwai wani kifin teku da suke ji da shi, mai suna bas, wanda tun 2015 doka ta hana a tafi da shi gida in bai kai santimita 42 ba. In ya gaza ko da faɗin yatsa ne, sai a zare ƙugiya a hankali a mayar da shi ruwa. Mai kamun teku da sanda a can ba ya bukatar lasisi, amma na kogi da tafki dole ya yanka. A Amurka kuwa, tun 1950 aka yi dokar da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, kuɗin kuma jihohi ake rabawa don gyaran ruwaye da renon kifi. Wato wanda ya sayi ƙugiya ya riga ya biya wani abu na kifin da zai kama baɗi.

Ba tausayin kifi ne ya koya musu haka ba, wuya ce. A gabashin Kanada, kusa da tsibirin Niyufanlan, an yi ɗaruruwan shekaru ana kwasar wani kifi mai suna kod kamar ba zai ƙare ba. Da manyan jirage masu jan raga a ƙasan teku suka shigo, sai ya ƙare. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun baki ɗaya, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a.

To, mai sauraro na iya cewa wannan tsarin Turawa ne, na masu ƙoshi da ke wasa da abinci. A nan ne tarihin jihar Kebbi ke da abin faɗi.

Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi. Abin da ake nunawa a talabijin shi ne sa'a guda ta hargitsi: a buga bindiga, dubban maza su ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa, kiɗa na tashi daga kwalekwale, ruwa ya koma laka. A 2005 an fito da kifi mai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka ɗora shi kan ma'auni. A 2020, da bikin ya dawo bayan kimanin shekara 10 ba a yi ba, wanda ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016.

Amma me ya sa giwan ruwa ke kai wannan girma a ɗan wannan yanki na kogi? Saboda sauran watannin shekara ruwan a rufe yake. Sarkin Ruwa da mutanensa ne ke tsaronsa, ba mai jefa raga sai an ba da izini. Kayan kamun ranar ma ƙayyadaddu ne, homa da gora, ba taru ba injin. Duk abin da masana ke koyarwa a yau, lokacin hani, wurin hani, ƙayyade kayan aiki, Kabawa sun haɗa shi tun kafin a rubuta shi a takarda. Bikin kansa, in aka duba da kyau, ranar girbi ce kawai. Noman shi ne haƙurin wata goma sha ɗaya. Har ha'inci ma ba ya sha: a 2008 an gane cewa kifin da ya lashe gasa, mai kusan kilo 66, ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi daga ruwan, aka ƙwace kyautar. Kifi na ganin ka, mai jar koma.

Zuru ma ba baƙuwar irin wannan hani ba ce. Kadojin kurmin Girmache sun tsira ne saboda jama'a sun yarda ba a taɓa su, ba don an girke ɗan sanda a bakin kurmin ba.

Yanzu a gangara kudu, inda mafi yawan kifin jihar yake. Wanda ya bi hanyar Mahuta ya fita Koko ya juya hagu, zai tarar da Yawuri a bakin Kwara, kan tafkin Kainji. An fara gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Ruwa ya taru ya rufe ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai da yawa na Gungawa, aka sake wa mutum wajen 44,000 matsuguni. Waɗanda suka rasa gonaki sun yi kuka. Masunta kuwa kakarsu ta yanke saƙa, domin ciyayi da itatuwan da ruwa ya shanye sun ruɓe sun zama abinci, kifi ya hayayyafa ba kama hannun yaro, musamman faliya. Sarkawa da sauran masunta suka yi ta kwararowa daga sama da ƙasan kogi, har daga Nijar da Mali. A 1971 abin da aka kama ya haura tan 28,000. Kafin 1978 ya faɗo zuwa wajen tan 4,500.

Ba duka faɗuwar ce laifin mutum ba. Kowane sabon tafki haka yake yi: ya tumbatsa da kifi a shekarun farko, sannan ya lafa idan ruɓaɓɓen abincin ya ƙare. Amma da kifi ya ragu, masunta sun yi abin da masunci a ko'ina a duniya ke yi, suka rage idon raga. A bakin ruwa da yatsu ake auna ido: wannan yatsa huɗu ce, waccan uku, waccan biyu. Mai yatsa huɗu ya dawo da jirgi wayam, maƙwabcinsa mai yatsa biyu ya dawo da rabin kwando, gobe kowa ya koma biyu. Jibi biyun ma ta daina kamawa, sai a koma ɗaya. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Kowa tuwon dare yake nema. Sai dai kowane mataki na ƙasa yana cin kifin da zai haifi na gaba.

Ƙarshen wannan gangara ita ce dala. Raga ce doguwa da ake zagayawa da ita daga gaɓa, ƙarti su ja ta zuwa tudu, idonta kuma kamar na gidan sauro. An kawo ta ne don warangi, 'yan mitsi-mitsin kifin nan da ake shanyawa a rana, waɗanda ko sun tsufa ba sa wuce tsawon yatsa. Kama warangi ba laifi ba ne, girmansu ke nan. Matsalar ita ce a bakin gaɓar da ake jan dala, nan ne 'ya'yan karfasa da faliya da giwan ruwa ke fakewa, ragar kuma ba ta tambayar sunan kowa. Kifin da zai kai kilo 50 in an bar shi, sai a auna shi a mudu tare da warangi.

A 1993 aka fara wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus don farfaɗo da kamun kifin Kainji, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa. Sun bi ƙauyukan masunta suna ƙirga jirage da raguna, suna auna abin da ake saukewa. Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin kamun kifi nasu, aka shigo da lasisi, a ƙarshen shekarun 1990 aka haramta dala. Abin lura shi ne hanyar da aka bi. Ma'aikacin gwamnati ɗaya da babur ba zai iya tsaron ɗaruruwan ƙauyuka ba, wasu ma a tsibiri suke. Don haka aka ratsa ta fadar sarakuna, daga nan zuwa hakimai da sarakunan ruwa, waɗanda suka san wa ke da wace raga da inda yake ɓoye ta. Inda suka tsaya da gaske, dala ta ja baya. Dokar da ta fito daga ofis ta yi aiki ne gwargwadon yadda ta yi kama da ta Matan Fada.

Me ya sa lokacin hani ke da muhimmanci haka? Sai an san yadda kifin ke rayuwa. Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai ɗauke da laka, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso nan cikin hunturu, garau. Yawancin kifi da ambaliyar damina suke aure. Tarwaɗa na jiran ruwan farko ya haura ciyawa, ta bi shi ta zuba ƙwai cikin dare. Bargi yakan share wuri cikin ciyawar fadama ya yi sheƙa zagayayya kamar ɗan akurki, iyaye su tsaya gadi. Yauni ma sheƙa yake yi, tasa tana shawagi a kan ruwa, kuma yakan kai wa mai kusantowa cizo. Karfasa ta fi kowa ban mamaki: a wani jinsinta uwa ce ke kwashe ƙwan a baki, ta haƙura da ci, har su ƙyanƙyashe su fara iyo; in sun ji motsi su ruga su koma ciki. Wanda ya kama irin wannan uwa, ya buɗe bakinta, zai ga ɗaruruwan kifin da ya kashe da jifa ɗaya.

Dokar tarayya ta san da wannan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kamu da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da kayan da aka keɓe don warangi. Ta wajabta lasisi ga jirgin kamun kifi, ta ba hukuma ikon rufe wani wuri ko wani lokaci, ta kuma haramta abu uku kai tsaye: nakiya, guba, da lantarki.

Maganar guba ce ta dawo da shirin gida, domin a nan ne ƙasar Zuru ke da hannu dumu-dumu. Ba ta da Kwara, amma tana da rafuka da ƙoramu, ga Gulbin Ka ta arewa. Idan rani ya yi nisa, ruwa ya tsinke ya bar kududdufai, duk kifin rafi yakan taru a waɗannan 'yan wurare yana jiran damina. Su ne irin shuka. Mutanen dauri sukan daka magimfa su zuba, kifi ya bugu ya taso sama, a kwashe. Ko wannan ma ɓarna ce, sai dai ƙarfinta kan gushe cikin 'yan kwanaki. Da maganin ƙwari na gona ya shigo, sai wasu suka ga ya fi sauri. Gamalin 20 ya yi ƙaurin suna a wannan aiki a duk faɗin ƙasar nan. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana daɗewa a ƙasa da ruwa, yana taruwa a kitsen dabba da na mutum, shi ya sa ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin abubuwan da za a daina a 2009. Kwalba ɗaya a kududdufi ba ta barin babba ba ta barin ƙarami, ta haɗa da kwaɗo da ƙaguwa da ƙwarin da kifi ke ci. Shanun da za su sha ruwan da yamma ba su san an zuba ba. Matar da za ta ɗiba a ƙasa kaɗan ita ma ba ta sani ba. Kifin kuma a kasuwa zai ƙare, an banda shi ya yi jawur.

Sai gidan sauro. An raba shi don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ɗinke biyu ko uku suka mai da shi koma. Asara biyu ke nan: yaro ya kwana ba kariya, rafi ya kwana ba iri.

Abin da ya dace da ƙaramin ruwa shi ne abin da yaran ƙauye suka gada: fatsa. Sanda, zare, ƙugiya, tana ko gara a matsayin koto, da ɗan karan dawa da zai nuna an taɓa. Masana na yaba ta saboda tana zaɓe. Babbar ƙugiya ba ta shiga bakin ƙaramin kifi, kuma wanda ya kamu bai kai ba ana iya sakinsa da ransa, in an jiƙa hannu kafin a riƙe shi don kada a goge santsin da ke kare fatarsa. Birgi mai faɗin ido da gura ma ba su da laifi, muddin ba a jera gurar ta toshe bakin rafi daga gaɓa zuwa gaɓa a lokacin da kifi ke hawa yin ƙwai ba. Mari-mari kuwa, dogon zaren nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ba koto, yakan yage kifi da yawa su tsere su mutu a banza.

Akwai darasi ɗaya kuma da ya kamata a karɓa daga masu kayak ba tare da gardama ba. Mai hankali a cikinsu ba ya shiga ruwa sai da rigar da ke hana nutsewa, ko da gwanin iyo ne, kuma yakan gaya wa na gida inda ya nufa da lokacin dawowa. A nan, masunci na ganin sa rigar kamar zubar da girma ne. Tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968, iskar farkon damina kuma ba ta sallama. Jama'ar jihar nan ba su manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya nufi Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse da mutum fiye da 150, aka ceto kaɗan.

Alƙaluman gwamnatin tarayya na shekarun baya sun nuna Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa a lokacin kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Giɓin ne ake cikewa da kifin ƙanƙara, wanda ake kamowa a tekun arewacin Turai da gaɓar Moritaniya, a sauke a Legas, a ɗoro a mota har Zuru. Abin dariya, abin takaici: wancan kifin cikin kwali, a ƙarƙashin dokar kaso da ta idon raga aka kama da yawansa, shi ya sa har yau bai yanke ba.

Mai sayar da banda a kasuwa ba ita ta saƙa ragar ba, abin da dillali ya kawo ta karɓa. Dillali kuma abin da ke tafiya yake saye. Muddin tulin ƙananan shi ne ke fara ƙarewa saboda araha, saƙo na komawa bakin ruwa cewa a ƙaro. Uwargida da ta ce, “Hajiya, ba ni guda ɗaya babba maimakon goman nan,” nama ta ƙara samu a kan ƙaya, kuma maganarta kan bi motar da ta kawo kifin ta koma har Yawuri.

A ƙauyukan da ke da kududdufin rani, abin da ake bukata bai fi zama ɗaya a ƙofar mai gari ba kafin ruwa ya tsinke: a ware tafki ɗaya ko biyu da ba za a taɓa ba sai damina ta sauka, a sa rana guda ta su ga sauran, a faɗi tarar wanda aka kama da kwalba. Sashen kula da kifi na gwamnatin jiha shi ke da alhakin lasisi, kuma ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan cikin Zuru, ga wanda ke son shawara kan haƙa tafkin kiwon tarwaɗa a bayan gida. Wadda aka ciyar da kyau takan kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida.

A nan shirin na yau ya tsaya.